Tambaya da Amsa: Lissafin da Ake Yi Kafin a Fasa Bango

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Kano, ina zaune da iyalina a gidan bulo mai ɗaki huɗu wanda na saya shekara tara da suka wuce. Na tara naira miliyan uku ta hanyar adashe da ɗan abin da nake ragewa daga albashi, kuma burina shi ne in sa tayil a falo da ɗakuna, in mayar da silin na POP, in fitar da banɗaki a cikin ɗakin uwargida, sannan a yi fenti ciki da waje. Magini ya zo ya zagaya, ya ce in kawo kuɗin a fara, sauran lissafi aiki ne zai nuna. Rufin ɗaki biyu yana yoyo da damina, gindin bangon baya kuma yana ɓarɓashewa, amma ya ce filasta da fenti za su rufe wannan. Ta ina ya kamata in fara, kuma kuɗin nan za su isa? (Daga wani mai karatu a Kano)

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a cikin abin da aka tara. Ko miliyan ukun za su isa, takarda ce za ta faɗa, ga shi kuwa har yanzu ba a rubuta ta ba. Maganar maginin naka tana da ƙamshin gaskiya, domin tsohon gida yakan ɓoye ciwonsa sai an buɗe shi, amma wannan dalili ne na a ƙara tsananta lissafi tun kuɗin suna hannunka, tunda da zarar an fasa ɗakin da mutum yake kwana a ciki, ya rasa ikon cewa a dakata.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarka shi ne abubuwa biyun da ka ambata a ƙarshe kamar ƙananan ƙorafe-ƙorafe, wato yoyon rufi da bangon da yake ɓarɓashewa, alhali su ne ainihin gyaran. Silin na POP ba ya shiri da ruwa ko kaɗan, kuma idan aka ɗaura shi a ƙarƙashin kwanon da yake zuba, damina ɗaya ta isa ta bar masa tabo, ta biyu kuma ta fara zubo da shi. Saboda haka kafin komai a sa kafinta ya hau ya leƙa, kai ma ka hau tare da shi idan da hali, a ga ko matsalar kusoshi ce da suka saki, ko kwano ne ya yi tsatsa, ko kuwa gara ta ci katakon, domin tsakanin waɗannan ukun akwai tazarar kuɗi mai yawa. Bangon baya kuma danshi ne yake cin sa, kuma danshi yana da mafari: ko kwata ce take bin gindinsa, ko ruwan da yake sauka daga rufi ne yake taruwa a wurin, ko bututu ya fashe a ƙasa, ko sokawe ya yi kusa da shi. Muddin ba a kau da ruwan ba, sabuwar filasta za ta kumbura ta faɗo kamar yadda tsohuwar ta yi, sai dai wannan karon da fentin da ka biya a jikinta.

Daga nan jerin aikin ya fito da kansa. Rufi da magudanar ruwa su ne a gaba, sai abubuwan da ake binnewa, wato bututun ruwa da wayarin, sannan filasta da silin da tayil, fenti kuma shi ne na ƙarshe. Banɗakin uwargida ya shiga sahun abubuwan da ake binnewa, domin bututunsa ta ƙarƙashin daɓe zai bi, kuma babu asarar da ta fi ciwo kamar a fasa sabon tayil don a wuce da bututun da aka manta. A tabbatar kuma sokawen da ke akwai zai ɗauki ƙarin banɗaki. Idan aikin zai kai ga rushe bangon da linta ko rufi yake zaune a kansa, a biya injiniya ya zo ya duba, ɗan kuɗin da zai karɓa ba su kai na bangon da ya tsage ba. Idan kuma za a fito da ginin waje fiye da yadda yake, to a Kano hukumar tsara birane ta KNUPDA ce take ba da izini, sai a sa kuɗin takardun a cikin lissafi tun yanzu.

Shi kansa lissafin ba ya buƙatar ilimin injiniya, littafi da biro da tef ɗin awo sun wadatar. Ka ba kowane ɗaki shafinsa, ka auna tsawo da faɗi. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da ƙafa 12 faɗi yana da murabba'in mita 13 da ɗoriya, sai a ƙara masa kashi 10 cikin ɗari saboda yanka da fashewa, ya doshi 15. Kwalin tayil mai santimita 60 a kowane gefe, mai guda huɗu a ciki, yana rufe murabba'in mita 1.44, ka ga ɗakin zai ci kwali 11 ke nan, ban da wanda za a bi gindin bango da shi. Haka nan kowane murabba'in mita na sabon bango yana cin bulo wajen 10. Da irin wannan ɗan awon, idan mai aiki ya rubuto maka kwali 16 a ɗaki ɗaya, kana da abin da za ka tambaye shi a kai ba tare da an ɓata zumunci ba.

Farashi kuwa da ƙafarka za ka nemo shi. Ka shiga Kasuwar Ƙofar Ruwa don rodi da sauran kayan gini, ka je 'Yan Katako a Na'ibawa don katako, ka tambayi shago uku a kan kowane kaya, kuma ka rubuta kwanan wata a gefen kowane farashi, domin farashin da ya kwana wata biyu labari ne kawai. Ka raba kuɗin kaya da kuɗin aiki, kowanne a layinsa. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa wasu masu aiki suna da la'ada a shagunan da suke kai mutane, kuma ni ban ɗauki wannan abin tayar da jijiyar wuya ba, sai dai mai gida ya kamata ya san ainihin farashin kafin ya yanke shawarar wanda zai aika.

Akwai kuma kuɗaɗen da ba sa fitowa a takardar magini amma su ne suke tsotse aljihu a hankali. Ruwan kwaɓa siminti da na ban ruwa, a unguwar da famfo ba ya zuwa, daga 'yan garuwa za a saya kullum. Akwai kuɗin dako da na lodi da saukewa, akwai tifar yashi, akwai motar da za ta kwashe ɓaraguzai bayan an fasa, akwai man janareta idan mai tayil zai yanka kuma babu wuta, ga kusoshi da wayar ɗaure rodi da farin siminti, ga abincin leburori idan an yi da kai za ka ciyar. Ka kuma tambayi kanka inda uwargida da yara za su kwana a makonnin da ɗakinta yake buɗe, domin ko gidan 'yan'uwa za su koma, ba a zuwa hannu rabbana.

Shawarata a kan miliyan ukun ita ce ka cire kashi ɗaya cikin biyar, wato naira dubu 600, ka ajiye su inda hannu ba ya saurin kaiwa, ka yi dukkan tsarinka kamar miliyan biyu da dubu ɗari huɗu ne kawai kake da su. Wanda ya yi gini a shekarun nan ya san dalili. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, buhun siminti mai kilo 50 ya haura naira dubu 10 a wasu garuruwa a watan Fabrairun 2024, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge aka yi matsaya a kan naira dubu 7 zuwa 8. Mutanen da suka yi lissafi ƙwandala da ƙwandala kafin lokacin, da yawansu a tsakiyar aiki suka tsaya. Ko da farashi bai motsa ba, abin da za a tarar a bayan tsohon silin zai nemi rabonsa daga ajiyar.

Idan aka haɗa jimilla ta zarce abin da ke hannu, kuma ina kyautata zaton za ta zarce, sai a raba aikin mataki-mataki, a kan sharaɗin cewa ba za a fasa wurin da babu kuɗin rufe shi ba. A bana a yi rufi da bango da banɗaki da tayil ɗin ɗakunan kwana, POP da fentin waje su jira kwasar adashe ta gaba. Na san zuciya falo take so a fara da shi, tunda nan baƙi suke zama, amma baƙo awa guda yake yi ya tafi, masu gida kuwa su ne suke jera bokitai a ƙarƙashin yoyo cikin dare.

Game da biyan masu aiki, jinga ta fi aikin yini sauƙin lissafi, matuƙar an fayyace abin da jingar ta ƙunsa. A rubuta, a gaban shaidu biyu, wane aiki ne, nawa ne, wa zai kawo kaya, kuma a wane mataki za a biya kowane kaso. Wanda ya ga kamar rubutu rashin yarda ne, a tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Kafin alƙalami kada ya wuce abin da zai isa a fara, kuma a riƙe kason ƙarshe har sai an gwada aikin: a zuba bokitin ruwa a banɗaki a ga ko yana gangarawa rariya ko yana kwanciya, a ƙwanƙwasa tayil ɗaya bayan ɗaya a ji ko akwai mai ƙarar rami a ƙarƙashinsa. Lokacin taɓa rufi kuma shi ne rani, a gama kafin watan Yuni, domin babu mai son a yaye masa kwano a watan Agusta. Sai dai zafin bazara da iskar hunturu suna busar da filasta da wuri har ta tsattsage, don haka a riƙa yi mata ban ruwa safe da yamma na aƙalla mako guda.

TAMBAYA: Ni 'yar kasuwa ce a Kaduna, kuɗi kaɗan-kaɗan suke shigo mini, kuma ina tsoron kafin su taru farashi ya gudu ya bar ni. Ko ya dace in riƙa sayen siminti ina tarawa har shekara ta zagayo? (Daga wata mai karatu a Kaduna)

AMSA: Hajiya, dabarar mayar da kuɗi kaya daidai ce, amma siminti shi ne kayan da bai kamata a fara da shi ba. Yana shan danshin iska ko da buhun bai huje ba, ƙarfinsa yana raguwa idan ya wuce kamar wata uku a ajiye, kuma a daminar Kaduna yana iya daskarewa tun kafin nan. Idan dole ta sa aka ajiye shi na ɗan lokaci, a jera shi a kan katako, nesa da bango, a ɗakin da ba ya yoyo. Abin da ya fi shi ne ki fara da kayan da jira ba ya cutar da su, kamar kwanon rufi da ƙofofi da wayar wuta da kayan banɗaki, da bututun roba idan za a kare su daga rana. Tayil kuma ki daure ki saye shi gaba ɗaya a rana ɗaya, har da ƙarin kwali ɗaya ko biyu na ajiya, domin launin samfuri guda yakan ɗan bambanta daga wannan kawowa zuwa waccan, wani lokaci ma a daina kawo shi. Idan aikinki yana buƙatar bulo, za ki iya sayen simintin a buga shi nan take, tunda bulon da ya sha ruwa ya bushe yana jure ajiya. Wasu sukan ba dila kuɗi ya riƙe musu kaya, kuma idan kin zaɓi haka, to ya zama wanda kika daɗe da sani, sannan rasit ɗin ya nuna adadin buhuna da sunan kamfanin simintin, domin idan adadin kuɗi kawai aka rubuta, ranar ɗauka da sabon farashi za a lissafa miki.

TAMBAYA: Gidan mahaifinmu ne na ƙasa a cikin birnin Zariya, ba a raba gado ba, ni ne kuma nake da ɗan hali. Ina so in gyara shi da kuɗina. Akwai abin lura? (Daga wani mai karatu a Zariya)

AMSA: Akwai, Malam, kuma ya riga maganar siminti. Ka tara dukkan magada, mata da maza, har da waɗanda suke aure a wasu garuruwa, a amince a rubuce ko abin da za ka kashe kyauta ce ga kowa ko kuwa bashi ne da za a fitar maka ranar rabo. A kira masana su ƙiyasta darajar gidan yadda yake a yau, a ɗauki hotuna, ka kuma adana kowane rasit. Idan akwai marayu ƙanana a cikin magadan, a nemi malami masanin gado ko alƙali kafin a taɓa komai. Ta fuskar aikin kuwa, ka nemi maginin da ya san ginin ƙasa, domin filastar siminti ba ta kama bangon ƙasa sosai, takan rabu da shi ta bar ruwa yana shiga ta baya ba a gani. Kuɗin farko su tafi ga duba azara da gyara indararo, da yi wa gindin bango dakalin da zai kore ruwa zuwa kwata.