Ga mai tambayar tsawon allon tanti: ka fara da lita tukuna

Salamu alaikum ƙanena. Da na ga tambayarka, wai nauyinka kilo 75, kana son ka sassaƙa allon tanti siriri mai tsinin baki irin na 'yan tsere, wato allon da ake tsayawa a kai a riƙe tanti iska na tura shi a kan ruwa, don ka hau a dam ɗin Tiga, tsawo nawa za ka ba shi, sai da na ajiye waya na yi tagumi. Ni ma da wannan zumuɗin na fara.

Bar maganar tsawo. Lita nawa allon zai ci, wato girman jikinsa in an auna da lita, faɗinsa kuma nawa, nan gizo ke saƙa. Lita ɗaya kilo ɗaya take ɗauka a ruwan daɗi. Haɗa kilonka da tanti da sandarsa da shi kansa allon, ka doshi 100, kuma wannan don kada ka nutse ne kawai. Mai koyo ya nemi wajen lita 180, faɗi santimita 80 ko fiye. Ruwan dam ba shi da gishirin tekun Legas da zai ƙara ɗaga ka. Siririn nan da kake gani a bidiyo, sai iska ta yi ƙarfi yake tashi, in ta lafa zai bar ka cikin ruwa har gwiwa.

Amma abin da ya ƙona min rai daban ne. Don in sassaƙa nawa allon, wata uku ina goge farin soson nan, irin wanda ake sa wa sabon firji a kwali, da samfefa, kullum bayan isha'i, har uwargida ta daina magana a kan ƙurar. Na fitar da hanci ya ɗan ɗaga, bayan ya kwanta sumul, gefe ya yi kauri a zagaye. Sai na kai wa wani mai gyaran bambar mota ya lulluɓe min da faiba. Sau uku na ce masa cikin ruwan gam ɗin da ake manna faiba da shi, ifoksi za a sa, kada foliyesta ya taɓa shi, domin foliyesta narkar da wannan soson yake. Ya ce, "Alhaji, ai faiba faiba ce." Washegari na je na tarar da hancin ya lotsa, tsakiyar ta yi rami kamar an zuba wa sukari ruwan zafi. Wallahi tsayawa na yi na kasa magana. Maimakon ya ce yi haƙuri, sai cewa ya yi sosona ne jabu! Yaran shagonsa na dariya. Kuɗin aiki bai dawo da shi ba, kuma har yau in na bi ta layin sai na kau da kai. Na bar shi da Allah.

Don haka duk wanda zai shafa maka, ka tsaya a kansa, a gwada a kan guntun soso a gabanka.

Kada ka manta da ɗan ƙusan shan iska, wanda ke toshe ƙofar da iska ke fita daga cikin allon. Soson cike yake da iska, in rana ta gasa shi a saman mota a watan Afrilu sai ya kumbura, fatar ta rabu da shi. Kwance ƙusan in ka fito daga ruwa, ɗaure shi kafin ka shiga. Fenti fari za ka yi.

Ka kuma sa takobin tsakiya a ƙasan allon, wato falankin da ke shiga cikin ruwa ya hana iska jan ka gefe. Ran da na hau allo na biyu da na yi babu shi, iskar hunturu ta kwashe ni can tsakiyar dam, na kasa dawowa, sai masunta ne suka jawo ni da kwale-kwale, suna tambayata ko lafiya ta ke. Rigar hana nutsewa dole ce. Ruwan nan ma akwai tsargiya, in ka ga jini a fitsari ka je asibiti, kada ka tsaya jiƙe-jiƙe.

Falankin da na zana surar nawa yana nan a gareji. Zo ranar Asabar bayan la'asar ka ɗauka, ka taho da tef mu auna tare.