Hukuncin Haƙa Rijiyar Burtsatse da Kuɗin Zakka

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, mu 'yan kasuwa ne a Kantin Kwari da Singa, dukkanmu 'yan asalin ƙauye ɗaya. Rijiyar garinmu takan ƙafe da bazara, da damina kuma ruwanta ya gurɓace, har bara amai da gudawa ya kwantar da yara da yawa. Mun yi shawarar haɗa zakkarmu ta bana mu haƙa burtsatse mai sola, mu kuma gina masai a gefen kasuwa. Shin hakan ya halatta, kuma zakkar ta sauka daga wuyanmu?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Allah ya saka muku da alheri da ba ku manta da tushe ba. Aikin da kuka ƙudurta yana daga cikin mafifitan ayyuka, amma ba da zakka za ku yi shi ba, kuma idan kuka yi da ita, a mazhabar Malikiyya tana nan a kanku sai kun sake fitarwa.

Allah Maɗaukaki ya raba zakka da kansa a aya ta 60 ta Suratut Tauba, ya keɓe ta ga kashi takwas: faƙirai, miskinai, ma'aikatanta, waɗanda ake lallashin zukatansu, 'yanta bayi, masu bashi, tafarkin Allah, da matafiyin da guzurinsa ya yanke. Rijiya ba ta cikinsu, kuma daga gare ta mai gari zai sha, mawadacin da ke da shanu ya sha, alhali zakka ba ta halatta gare su ba. A cikin Mudawwana, babban littafin fiƙihun Malikiyya, Imamu Malik ya hana a sa zakka a likkafani ko ginin masallaci, Shehu Halil kuma a littafinsa Mukhtasar, bayan ya ambaci mai jihadi da kayan yaƙinsa cikin waɗanda ake ba zakka, ya cire ginin ganuwa da jirgin ruwa. Idan an hana ganuwar da ke kare gari daga abokan gaba, babu hujjar shigar da rijiya. Akwai malaman da suka faɗaɗa ma'anar tafarkin Allah ta haɗa kowane aikin alheri, kuma ba na raina iliminsu, sai dai mazhabobin nan huɗu ba su tafi a kan haka ba, kuma ina tsoron ranar da kowane mai dukiya zai juya zakkarsa zuwa ginin da za a rubuta sunansa a jiki, bazawarar da ke riƙe da marayu kuwa ta kwana ba ta ɗora tukunya ba.

Ku damƙa zakkar a hannun mabuƙatan ƙauyen, matuƙar sun fi na kusa da ku buƙata, ta zama mallakarsu. Idan daga baya wani cikinsu ya ga dama ya sa wani abu a asusun rijiya, wannan sadakarsa ce, amma kada ku gindaya masa sharaɗi, kada kuma ku aika masa da wanda zai ji nauyinsa.

Ita kuwa rijiyar, ƙofarta sadaka mai gudana ce da wakafi. Abu Dawuda da Nasa'i sun ruwaito cewa da mahaifiyar Sa'adu ɗan Ubada ta rasu, ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wace sadaka ce ta fi, ya ce ruwa, sai Sa'adu ya haƙa rijiya ya ce ta mahaifiyarsa ce. Sayyadina Usmanu ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar ta ga Musulmi, gugansa kamar gugan kowa. Da yawa cikinku iyayensu sun riga mu gidan gaskiya, ga hanyar sadar musu da lada. Ku rubuta wakafin a gaban mai gari da limami, ku nemi shawarar Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano, ku kuma sa a rubuce wanda zai kula da gyara, domin ƙauyukanmu cike suke da famfunan tuƙa-tuƙa da suka mutu saboda ƙaramin ƙarfen da ba a sami mai saye ba. Ya halatta ku shardanta ɗan abin da za a riƙa bayarwa a kan kowace jarka don gyara kaɗai, a yafe wa wanda ba shi da hali, kuma kada a hana mai ƙishirwa.

Batun masai shi ne ya fi damuna. Annabi ya yi gargaɗi a kan abubuwa uku masu jawo tsinuwa: bahaya a mashayar ruwa, da tsakiyar hanya, da inuwar da mutane ke hutawa. A Muwaɗɗa kuma ya zo cewa babu cuta babu cutarwa. Mutane suna karanta cewa ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su canja ba mai tsarki ne, sai su ɗauka lafiyayye ne. Wancan hukuncin alwala ne da wanka. Ƙwayar cutar kwalara ido ba ya ganinta, tana biyo kashin mai ɗauke da ita, ruwan sama ya wanko ta daga bayan gari, ko ta tsattsafo ta ƙarƙashin ƙasa daga ramin masai zuwa rijiya, ruwan yana nan garau a cikin kwano. A 2021 wannan annoba ta kashe mutum fiye da 3,000 a Nijeriya, kuma Kano na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Masana lafiya suna cewa a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, masai ya kasance ta gangare, kuma gindin raminsa kada ya kusanci ruwan ƙasa. Tun da masana sun tabbatar da cutarwar, kiyaye wannan tazara wajibi ne a shari'a, kuma wanda ya haƙa masai dab da rijiyar jama'a, ko da cikin filinsa ne, mai gari yana da ikon sa shi ya cike ramin. Ita ma tsohuwar rijiyar ku ɗaga bakinta da siminti, ku yi mata murfi, a tsayar da guga ɗaya da ake ratayewa, a daina yar da igiya cikin taɓo. Allah ne mafi sani.