Na ga Lincoln Mark V ta 1978 a wurin dila, in tura kafin alƙalami?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Houston, kuma na daɗe ina sha'awar manyan motocin Amurka na da. Na ga Lincoln Continental Mark V ƙirar 1978, mai ƙofa biyu, a wurin wani dilan tsofaffin motoci a jihar Ohio. Fenti na sheƙi, mita na nuna mil 41,000, ya ce in tura kafin alƙalami kada wani ya riga ni. Hotuna kawai na gani. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Mark V ba motar da ake rububi ba ce. Daga 1977 zuwa 1979 kamfanin Ford ya ƙera sama da 228,000 a masana'antarsa ta Wixom da ke Michigan, kuma har yau suna nan birjik. In wannan ta wuce ka, wata na tafe.

A irin wannan mota, jikinta kake saye, ba injinta ba. Injin V8 mai lita 7.5, wanda ake kira 460, da giyarta C6, Ford ta ci gaba da sa su a manyan a-kori-kura har cikin shekarun 1990, saboda haka kayan gyaransu na da araha, kuma bakanike da ya san aikinsa ba zai sha wahala ba. Abin da ke cinye aljihu shi ne tsatsa. Ohio na cikin jihohin da ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishirin nan kuwa yana cin ƙarfe daga ƙasa. Ga kuma rufin leda da aka liƙa wa yawancinsu a kai don ado. Ruwa kan shige ƙarƙashinsa ya kwanta, musamman gefen gilashin baya da ƙananan tagogin nan masu siffar ƙwai. In aka shafa hannu aka ji ledar ta yi ƙuraje ko tana ɓurmawa, ƙarfen ya riga ya ruɓe. A duba ƙasan ƙofofi, da bayan tayoyin baya, da gindin but bayan an ɗaga shimfiɗa. Sabon fenti a motar da ta haura shekara 45 ba abin murna ba ne sai an san abin da ya rufe. A bi jikin da mayen ƙarfe: duk inda ya ƙi kamawa, cikon masu gyaran bodi ne a wurin.

Batun mil 41,000 kuma, mitar motocin wancan zamani lamba biyar gare ta, tana kai 99,999 sai ta koma sifili. Tana iya zama 141,000. Robar takin birki, da kujerar direba, da tsofaffin rasit na gyara sun fi mitar gaskiya. Carfax ma, wato kamfanin da ke ba da rahoton tarihin mota, ba zai taimake ka ba, domin da lambar shasi (VIN) mai harafi 17 yake aiki, ita kuwa a 1981 ta fara. Ta wannan motar 11 ce, kuma tana magana: 8 na farko shekarar 1978 ce, Y Wixom, 89 Mark V, harafi na biyar kuwa in A ne injin 460 ne, in S ne ƙaramin 400 mai lita 6.6. Idan dila ya ce ƙirar musamman ta Diamond Jubilee ce, ko ɗaya daga cikin masu ɗauke da sunan mashahuran masu zanen kayan ado irin su Cartier, Givenchy, Pucci da Bill Blass, har ya ɗora kuɗi a kan haka, sai ka sayi rahoton Marti, wanda ake cirowa daga kundin Ford, ya nuna launi da kayan da ta fito da su.

Shi kansa dilan, tambaye shi kai tsaye: motar tasa ce, ko ta wani ce aka ajiye masa yana cin la'ada? Da yawa ajiya ce, dilan bai san tarihinta ba. Kusan duk irin waɗannan ana sayar da su ne a yadda suke, babu garanti, haka za ka gani a takardar da dokar Amurka ta tilasta a manna a jikin gilashi. Alkawarin baki ba ya aiki, duk abin da ya faɗa a rubuta shi. Ka ga hoton takardar mallaka, lambarta ta yi daidai da ta jikin motar.

Sannan ka ɗauki mai duba mota na kanka, ba wanda dila ya nuna maka ba. A ɗaga ta sama, a tayar da ita da sanyin safiya, a gwada kowane maɓalli: gilasai, kujeru, na'urar sanyaya mota wadda asalinta da tsohuwar iskar sanyi ta R-12 take aiki, da murafan fitilun gaba. Murafan nan da zuƙar iskar inji suke rufuwa, in suna buɗewa da kansu jim kaɗan bayan an kashe mota, tiyo na yoyo. Wannan ƙaramin gyara ne. Kayan ado na ciki da ƙarafan gefe ne ke wuyar samu, kowane sai an yi cigiya. Dilan da ya hana a duba, ka bar masa motarsa.

In ta tsallake duk wannan, ka ware kuɗin tayoyi da tiyon birki da na mai, ko da sun yi kama da sababbi, don roba na tsufa a ajiye. Ka kuma auna garejinka kafin a loda ta: tsawonta ya kusa mita shida, kuma a cikin gari galan ɗaya da ƙyar yake kai ta mil 12.