Yaya, ga abin da yasa muke musu kan finafinan jarumai

Salam Yaya, barka da warhaka, ya iyali ya su Inna. Tambayar da kayi min wai me yasa yaranmu na nan Amurka, kai har da mu iyayensu, muke ɗaga jijiyar wuya akan fim ɗin mutanen da ke tashi sama da matsattsun kaya, kace kai a wajenka wannan kallon yara ne, naga gara in zauna in rubuta maka don maganar tafi ƙarfin saƙon murya.

Su fa jaruman nan ba a fim aka haife su ba, a littattafan zane suka fito waɗanda ake kira komik. Superman tun 1938 yake, Batman 1939, Spider-Man 1962, kuma har gobe duk ranar Laraba sababbin littattafai ke shigowa shaguna mutane na zuwa saye. Toh kaga akwai dattijo mai furfura da ya fara karanta Batman tun yana firamare, ya karanta wa ɗansa, yanzu jikansa ke karantawa, shi a wajensa Batman kamar wani ne da ya sani tun yarinta, yasan abin da zai yi da abin da ba zai taɓa yi ba. Ranar da kamfani ya ɗauki labarin ya maida shi fim sai jama'a su rabu biyu, masu littafi da masu kallo kawai, irin dai yadda matan gida ke cewa an ɓata labari in an maida littafin da suke so ya koma fim. Masu littafi amana suke nema, a bar musu mutumin yadda suka san shi, masu kallo kuma suce mu dai fim yayi daɗi.

A 2013 akayi fim ɗin Man of Steel, a ƙarshe Superman ya karya wuyan abokin gabarsa Zod don ya ceci wasu mutane, wallahi har yau ba a gama wannan musun ba, wasu suce dole ce tasa shi wasu suce asalin Superman zai nemo wata hanya ko ta halin ƙaƙa, ai rashin kisan shine darajarsa, mai ƙarfin da ba wanda zai iya taka masa birki amma yana riƙe hannunsa. Ni ina tare da na biyun. Amma fa ba kullum masoya ke da gaskiya ba, lokacin da aka ce Heath Ledger ne zai fito a Joker, abokin gabar Batman, sun yi ta zagi suna cewa bai dace ba, fim ya fito a 2008 bayan rasuwarsa kowa ya kama bakinsa, har kyautar Oscar aka bashi. Kuma suna da ƙarfi ba wasa ba, Justice League na 2017 da wani darakta ya ƙarasa bayan Zack Snyder ya bari, masoya suka ƙi yarda suka dinga kamfe har allon talla suka biya a Times Square nan New York, sai da kamfani ya saki na Snyder a 2021, fim na kusan awa huɗu.

Wannan musun kowa da kowa kenan. Mu Hausawan nan, ƴan Najeriya da ƴan Nijar da ƴan zangon Ghana da muke haɗuwa a masallatan Bronx, muna da namu a kai, kuma shine nake so ka gane sosai. Yaron da aka haifa a nan yana tashi ne yana neman inda zai ga mai kama dashi a talabijin, baƙi, ɗan Afirka, musulmi, kuma ba a matsayin ɗan ta'adda ko mai jiran taimako ba. Shi yasa da Black Panther, fim ɗin T'Challa jarumi baƙar fata sarkin wata ƙasar Afirka mai suna Wakanda, ya fito a 2018 mutanen da basu taɓa taka sinima ba suka je, wasu da babbar riga da hula wasu da atamfa, yara suka fito suna haɗa hannu a ƙirji irin gaisuwar cikin fim ɗin. Ɗana da a da baya son a kira cikakken sunansa a gaban abokai, satin nan da kansa ya nemi in fito masa da kaftaninsa na sallah ya saka zuwa makaranta, ni wannan bazan manta dashi ba.

Amma a cikin fim ɗin dai akwai abin da ya sosa mana rai, kusa da farko an nuna dajin Sambisa, ƴan bindiga sun kwaso mata a mota jarumi ya diro ya cece su. Da muka fito aka rabu, wasu suka ce ai gaskiya aka nuna kuma gara duniya kar ta manta da ƴan matan da aka sace, wasu suka ce Wakanda ƙasar ƙirƙira an ƙawata ta ko'ina haske da ilimi, amma yanki guda na gaske da aka taɓo namu ne kuma da bindiga kawai aka nuna shi. Ni duka biyun ina jinsu a raina, fim ɗin ya ɗaga kan yaranmu kuma wannan wajen ya kamata ace anyi shi da ƙarin tunani. Da Chadwick Boseman, wanda ya fito a T'Challa, ya rasu a 2020 wani musun ya sake tashi, a nemo wani ya gaji T'Challa ko a bari, kamfani ya bari aka ba ƙanwarsa Shuri rigar a fim na 2022, masu littafi suka ce ai a komik ma ta taɓa sakawa, iyaye maza da yawa kuma suka ce yaransu maza sun rasa sarkin da suke kallo.

Ƴan matanmu kuwa Ms. Marvel ce tasu, Kamala Khan, yarinya musulma ƴar asalin Pakistan a Jersey City, tsallaken ruwa ne kawai daga nan. A littafin 2014 jikinta ke miƙewa ta ƙara girman hannu, da akayi mai dogon zango a Disney+ a 2022 sai aka canza, awarwaron da kakarta ta aiko ne ya buɗe mata wani ƙarfi na haske, masu littafi suka yi ca suna cewa an cire ma'anar, tunda labarin na yarinya ce da bata jin daɗin jikinta da kamanninta har ta koyi yarda da kanta. Ƴata kuma ba ruwanta da wannan, ita abin da ya kama ta an nuna masallaci yadda yake, ana alwala, an sace wa Nakia ƙawar Kamala takalmi a ƙofa, mata na ƙorafin ɓangarensu ya lalace ba'a jin liman sosai, tace Baba wannan ai masallacinmu ne. Inda manya suka ja tsaki shine da aka sako maganar aljanu a ciki, suna ganin ba sai an haɗa musulmi da aljani ba kafin labari yayi armashi.

Akwai kuma batun aƙida da nasan shi zaka fi tambaya. Thor a labarin ana ce masa allan tsawa, daga tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai na da aka ɗauko shi, a Wakanda ma akwai Bast da suke bautawa da ganawa da kakannin da suka mutu. Wasu gidajen sun hana kwata-kwata kuma ba mai ganin laifinsu. Mu a gidanmu tare muke kallo, in an zo wajen sai a tsayar ayi magana, wannan tatsuniya ce wannan kuma shirka ne in mutum ya yarda dashi, don na lura yaron da aka hana a gida zai gani a wayar abokinsa ba tare da kowa a gefensa ba.

Sauran ƙananan al'adu ne, ba'a tashi in fim ya ƙare sai sunaye sun gama wucewa saboda kamfanin finafinan Marvel na ɓoye ɗan guntun labari a ƙarshe, kuma faɗa wa wanda bai gani ba yadda aka ƙare babban laifi ne, abota na ɓaci akan haka. Duk Oktoba ana Comic Con, taron masoya komik, a zauren Javits Center nan New York, ƴan matanmu kan ɗinka kayan jarumai masu yalwa su haɗa da hijabi kalar kayan, iyaye mata ke tayasu ɗinki.

In yaranka sun matsa maka, ka dinga duba alamar shekaru kafin ka bari, yawancin na Marvel PG-13 ne, wato a kula da ƴan ƙasa da 13. Deadpool kuwa R ne, wato na manya, The Boys ma na manya ne zalla cike da jini da batsa, kar kaga riga mai kala ka ɗauka na yara ne. Ku fara da Spider-Man na 2002 ku zauna tare, in kun gama ka tambaye su ko Peter, wato shi Spider-Man ɗin, yayi daidai da ya ƙyale ɓarawon nan ya wuce, sai ka rubuto min abin da suka ce.