Tambaya da Amsa: Bazarar Aberdeen Ba Irin Tamu Ba Ce

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana zai tafi kwas na wata uku a fannin man fetur a birnin Aberdeen da ke bakin teku a arewacin Birtaniya, daga farkon Maris zuwa ƙarshen Mayu. An gaya masa lokacin bazara ne a can, sanyi ya wuce, shi kuma yana cewa ai ɗan Jos ba ya tsoron sanyi. Wane irin yanayi zai tarar, kuma me ya kamata in haɗa masa?
Wata uwa daga Unguwar Rogo, Jos

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kalmar bazara ce ta ruɗe shi. A wurinmu bazara ita ce zafin Maris da Afrilu kafin saukar damina. A can kuwa watannin nan uku fitowa ce daga hunturu, kuma a bakin teku sanyin ba ya gaggawar tafiya.

A Maris, ma'aunin zafi a Aberdeen yakan tsaya wajen digiri 9 da tsakar rana, ya sauka wajen 2 da dare. A Afrilu kusan 11 da rana, 4 da dare. A Mayu 13 zuwa 14 da rana, 6 da dare. Ki auna da Jos: daren da muke kira mai tsananin sanyi a Disamba ko Janairu yakan kasance wajen digiri 10 ko 11. Wato tsakar ranar Maris a can ta fi daren hunturunmu sanyi.

Dalilin yana cikin teku. Ruwa ba ya ɗaukar zafi da wuri, ba ya kuma sakinsa da wuri. Tekun Arewa, wanda birnin ke bakinsa, ya fi sanyi a ƙarshen Fabrairu da Maris, wajen digiri 6, daidai lokacin da rana ta fara ƙarfi a tudu. Duk ranar da iska ta taso daga gabas, ta kan wannan ruwan take bi kafin ta shigo gari. Shi ya sa abu na farko da zai riƙa dubawa a hasashe shi ne inda iska ta fito da kuma gudunta. Digiri 5 da iska mai gudun kilomita 40 a awa, jiki yana jin sa kamar an sauka ƙasa da sifili. Su da mil suke auna iska, to mil 25 shi ne kusan kilomita 40.

Akwai kuma hazon teku da mutanen wurin ke kira haar, wanda ya fi yawa daga Afrilu zuwa Satumba. Ba ƙura ba ce irin ta hunturu. Ya fi kama da hazon da ke rufe duwatsun Filato da sassafe a damina. Iska mai ɗan ɗumi da laima ce ke bi ta kan ruwan sanyi, laimar ta taru ta zama hazo, iskar gabas ta turo shi cikin gari. Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne ranar da aka fi sa ran rana ce yakan zo. Za a ga garin da ke ɗan nesa da gaɓa yana shan rana, bakin teku kuwa ya rufe ruf, sanyi ya dawo. Yakan kuma jinkirta tashin jirage, har da masu saukar ungulu da ke kai ma'aikata rijiyoyin mai na cikin teku, don haka kada ya sa tafiya mai muhimmanci a ƙurarren lokaci.

Ruwan sama ba shi ne babbar damuwa ba. Duwatsun yamma suna tare mafi yawansa, kuma watannin nan suna cikin masu ƙarancin ruwa a shekara. Yayyafi ne mai zuwa ya wuce. Dusar ƙanƙara kuwa tana iya sauka a Maris, wani lokaci har Afrilu. A ƙarshen Fabrairu da farkon Maris na 2018 iskar gabas ta kawo ta har aka rufe makarantu da hanyoyi a sassan ƙasar da dama.

Game da kaya, kuskuren da aka fi yi shi ne sayen katuwar riga guda ɗaya mai nauyi. Cikin aji da mota da ɗaki akwai na'urar ɗumama, zai yi gumi, ya fito iska ta buge shi. Hawa uku ake so: rigar ciki mai dogon hannu da ke kama jiki, wadda ba ta auduga ba, domin auduga tana riƙe gumi ta yi sanyi a fata; sai suwaita; sai jaket mai hana iska da ruwa, mai hula a haɗe. Rigar ciki uku, suwaita biyu, jaket ɗaya sun isa, a ƙara safa mai kauri ƙafa biyar, safar hannu, hular sanyi mai rufe kunne da takalmi rufaffe wanda ruwa ba ya shiga. Yawancinsu za ki samu a wurin 'yan gwanjo na Katako; ki duba zif da ɗinkin kafaɗa, nan ruwa ke fara shiga. Lema ba ta jure iskar bakin teku. Shaddarsa ta Juma'a ya tafi da ita, ya sa rigar ciki a ƙarƙashi. Ki saka masa man kaɗanya, domin alwala da iska mai sanyi suna tsattsage hannu da leɓe.

Tsawon yini ma zai sauya masa lissafi. A farkon Maris yini bai kai awa 11 ba, a ƙarshen Mayu ya haura 17: rana ta fito kafin ƙarfe 4:30 na asuba, ta faɗi kusan 10 na dare. Daga Mayu sararin sama ba ya yin duhu sosai, saboda haka lokacin Isha da Asuba ya bi jadawalin masallacin garin. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris suna ƙara awa ɗaya a agogo, lokacinsu ya zo daidai da namu. Kafin nan mun riga su da awa ɗaya.

Tambaya: Na ga hasashen hukumar yanayin Birtaniya na wata uku yana cewa an fi sa ran ɗumi. Shin in rage kayan sanyi?
Wani injiniya daga Kubwa, Abuja

Amsa: Kada ka rage, Malam. Irin wannan hasashe na Met Office ɗan'uwan wanda NiMet ke fitarwa ne a farkon shekara kan damina: yana faɗin inda lamari ya karkata, ba ya faɗin abin da zai faru ranar Talata. Suna kwatanta watanni ukun da matsakaicin shekara 30, daga 1991 zuwa 2020, kuma na ƙasar baki ɗaya ne. Ko da an ce yiwuwar ɗumi ta ninka yadda aka saba, a ce daga kashi 20 zuwa 40 cikin 100, saura 60 suna nan. Ɗumin da ake nufi kuma bai wuce ƙarin digiri ɗaya ko makamancinsa a kan matsakaici ba, kuma mako guda na iskar gabas yana iya ɓuya a cikinsa. Sau da yawa ma yanayin da ke ba tsakiyar ƙasa ɗumi shi ne ke jawo hazo a gaɓar gabas.

Abin dogaro shi ne hasashen kwana uku zuwa biyar na garin da kake, a duba shi kowace safiya. Gargaɗinsu launi uku ne: rawaya a yi hattara, ruwan goro a sake shirin tafiya, ja kuwa akwai haɗari ga rai, a zauna a gida.