Ruwan damina da furanni masu jure fari: amsa ga wata mai tambaya daga Katsina

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan fili a tsakar gida, ina son furanni, amma duk shekara da an shiga Maris sai su ƙone, ga ruwan 'yan garuwa ya yi tsada. In na sayi tanki na tara ruwan damina, zai kai ni ƙarshen rani? Kuma wane irin fure zan dasa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ruwan da ke sauka a kan kwanon gidanki ya fi yadda kike zato yawa. Kowace milimita ɗaya ta ruwan sama tana ba da lita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya. Rufi mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi, a shekarar da aka samu milimita 600, zai karɓi lita 60,000, wato duro 300 mai lita 200. Matsalar ita ce wurin ajiya. Ruwan dare ɗaya na Agusta zai iya cika tanki mai lita 2,000, amma in kina ɗibar lita 20 kullum, kwana 100 zai yi miki, alhali daga Oktoba zuwa Mayu babu ruwa. Tanki kaɗai ba zai fisshe ki ba.

Duk da haka ki saya. A sa indararo a bakin kwano, a sa raga don ganye da tarkace. Ruwan farko a bar shi ya zube, domin shi ke wanke ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye. Tankin ya zama a rufe ruf, a inuwa, don kada sauro ya hayayyafa ko gansakuka ta fito.

Inda nake so ki fi mai da hankali shi ne ƙasar kanta. Manoman yankin Tawa a Nijar sun farfaɗo da faƙo da ramukan tassa da rabin wata: a haƙa rami, a tara ƙasar a gefen gangare, a zuba taki, ruwa ya kwanta ya nutse maimakon ya gudu. Ki yi haka a tsakar gidanki. Ki dasa a cikin kwari, ki karkatar da rarar tanki zuwa can, nesa da gindin katanga. Ki rufe ƙasa da ɓawon gyada ko busasshiyar ciyawa, amma kada ya taɓa jikin shukar saboda gara. Sai ki binne tulu sabo kusa da saiwa, bakinsa a waje, ki cika shi ki ɗora murfi. Zai riƙa tsatsafo da ruwa a hankali daidai inda ake bukata.

A furanni kuwa, shukar da ake kira kariya ce kan gaba. Tana tara ruwa a kumburarren gindinta, tana yin fure ja-ja a tsakiyar rani sa'ad da ba ta da ko ganye. Yawan ban ruwa ne ke ruɓar da ita. Ruwan jikinta guba ne, don haka a nisanta ta da yara da awaki. Bugenbiliya tana rufe katanga da launi, kuma ta fi yin fure in an ɗan ja mata ƙishi. Lalle yana yin shinge mai kyau, ƙamshin furensa da yamma ba a magana. Rumman ma yana jure zafi, ga jan fure ga 'ya'ya. Fulawar ros da ake tallarta a bakin titi, ba na ba ki shawarar ta a wannan yanayi.

Ki dasa a Yuli, saiwa ta kama kafin ruwa ya ɗauke. A ranin farko ki ba su ruwa mai yawa sau ɗaya ko biyu a mako, da sassafe ko bayan la'asar, don yayyafi na kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama inda rana ke dafa ta. Ruwan tankin kuma ki adana shi don Maris da Afrilu.