Shin duk abin da aka nuna a fim mai dogon zango faɗakarwa ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matar aure ce a unguwar Birni, nan Damagaram. A gidanmu finafinai masu dogon zango ba sa wuce mu, na Kano da na Indiya da ake fassarawa. Na sha faɗin cewa ana jan labarin ba gaira ba dalili, kuma kowace cuta a cikinsu sammu ce, sai a ce mini ban gane ba, ai faɗakarwa ake yi. Yanzu yaron ƙanwar maigidana ya fara faɗuwa yana sanƙarewa, manyan gida kuma sun ce irin wanda suka gani a fim ne, hannu aka sa masa, ba ciwon asibiti ba ne. Ni ce mai tsanani, ko sukar da nake yi tana kan hanya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kafin maganar fim, a kai yaron nan asibiti ba tare da jinkiri ba, ko na unguwa ko babban asibitin Damagaram. Abin da kika bayyana ya yi kama da farfaɗiya, amma likita ne kaɗai zai tabbatar, kuma ciwo ne da magani yake dannewa a wurin mafi yawan masu shi. Addu'a ba ta hana ganin likita. Allah ya ba shi lafiya.

Jan labari kuwa ba sai mun daɗe a kansa ba. Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, kasuwar faifai kuma ta mutu aka koma YouTube, kuɗin mai shirya fim ya rataya ne a kan yawan masu kallo da tallace-tallace, saboda haka labarin da zai ƙare a fitowa goma sai a shimfiɗa shi har zango biyar. Wannan yana cin lokacinki da kuɗin intanet ɗinki, iyakar ɓarnarsa ke nan.

Inda raina yake ɓaci shi ne kalmar nan da aka rufe miki baki da ita, wai ai faɗakarwa ce. Kusan kullum sai na ji ta, daga bakin ɗalibai, da iyaye, har da masu rubuta labaran. Na san inda ta samo tushe. Mu a Nijar mun taso da wasannin su Yazi Dogo, waɗanda suka yi tashe a nan Damagaram tun shekarun 1970, da wasannin samariya na zamanin Seini Kunce, inda ake tsara wasa musamman don a ja hankalin jama'a kan wata matsala, a yi dariya, a watse da saƙo. Sai mutane suka ɗauki wancan amincin suka jingina wa duk abin da ya fito a talabijin da Hausa, alhali shirin yau sana'a ce, kuma mai sana'a abin da zai hana ki kashe waya yake nema.

Ki lura da yadda ake rubuta cuta a waɗannan labarai. Marubuci ya rasa yadda zai raba miji da mata, sai ya aika kishiya wurin boka, washegari a ga amarya tana fizge-fizge, a kawo likita ya duba ya girgiza kai ya ce bai ga komai ba, ku koma gida. Wannan likitan marubuci ne ya sa masa magana a baki, domin in ya gano ciwon labari ya ƙare. Amma tsohuwar da ta ga haka sau da yawa ta riga ta koyi cewa ciwon faɗuwa ba na asibiti ba ne, ta kuma koyi inda za ta nuna da yatsa. Daga nan ake fara zargin kishiya ko maƙwabciya, zumunci ya lalace, ƴan tsibbu su karɓe jikkunan da ya kamata a sayi magani da su, yaro kuma ya ci gaba da faɗuwa kusa da murhu ko bakin rijiya. Haka ake nuna ana cusa wa mai farfaɗiya cokali a baki, abin da yake iya karya masa haƙori ko shaƙe shi, alhali abin yi shi ne a kawar da abin da zai ji masa rauni, a kwantar da shi ta gefe. Ba a kuma ɗaukar ciwon ta yawu. Haka wanda ya manta kansa bayan haɗarin mota wai sai ya sake buguwa a ka hankalinsa ya dawo, haka ake yanke hukuncin saki da gado a bakin ɗan wasan da aka naɗa wa rawani aka kira shi malam.

Kada kuma a ce miki ai an tace. Hukumar tace finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta dakatar da shirye-shirye 22 masu dogon zango a watan Mayun 2025 saboda ba a kai mata su ba kafin a sake su, wato ana ta kallonsu ba tare da hukumar ta duba ba. Ko wanda aka duba ɗin, takardar izini ba shaida ba ce cewa likita ko alƙali ya karanta labarin, kuma ikon hukumar bai tsallako iyaka ya iso wayar da ke hannun yaro a Zango ko Garin Malam ba. Mu ma masu suka muna da laifi, domin mun ƙare ƙarfinmu a kan ɗankwalin ƴar wasa da rawa, mun bar ƙaryar da take iya kashe mutum tana wucewa.

To, ba ki yi tsanani ba. Sai dai manya ba a ja musu kai-tsaye, kuma matsayinki na suruka yana bukatar dabara. Ki bi ta hannun maigidanki, ko wani malamin da gidan yake jin maganarsa, a roƙi uwar yaron ta yarda a fara da asibiti, in suna so a haɗa da addu'a. Ki kuma rubuta ranakun da yake faɗuwa da tsawon lokacin da abin yake ɗauka, domin likita zai tambaya.